Kafin a ƙara ɗora bayanan talakawa a intanet, a ƙirga kwamfutocin da ke riƙe da su

Duk matar da ta kai yaronta awo a wata cibiyar lafiya ta gundumar Mirriya, sai an rubuta sunanta da ƙauyensu da shekarun yaron da nauyinsa. Saurayin da ya je karɓar kuɗin da wansa ya aiko daga Libiya ko Aljeriya, sai ya miƙa katin ɗan ƙasa da lambar waya. Magidancin da aka sa cikin jerin masu karɓar tallafi an tambaye shi yawan iyalinsa da abin da ya mallaka, wani lokaci har a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. A da irin waɗannan bayanai kan ƙare ne cikin babban littafi a kan kanta, su zauna har gara ta cinye su. Yau da yawa daga cikinsu na bin waya su je su kwanta cikin wata kwamfuta da mai bayanin bai taɓa gani ba, sau da yawa ma a wata ƙasa.

Mirriya, mai nisan kusan kilomita 18 gabas da Damagaram, ta daɗe da sanin wannan aiki na rubuta sunaye. A nan ne ƙungiyar ALIMA da takwararta ta gida BEFEN suka fara aikin jinyar yara masu tamowa a 2009, kuma ayyukan agaji da na bincike ba su yanke a gundumar ba tun daga lokacin. A matakin ƙasa, rajistar masu zaɓe ta 2020 ta ɗauki hoto da zanen yatsun mutum kusan miliyan 7.4. Ma'aikatar lafiya na tattara alƙaluman asibitoci ta manhajar DHIS2. Nijar ta shiga shirin WURI na Bankin Duniya a 2020 don bai wa kowane mutum lambar shaida tasa ta kansa, ga kuma sabbin takardun shaida masu zanen yatsu na ƙawancen AES. Tara bayanai na tafiya da sauri, kuma yana da amfaninsa.

Tambayar da wannan jarida ke yi ba ta da wuya. Idan aka tsayar da shugaban wata ma'aikata, ko daraktan wata ƙungiya, ko mai kamfanin aika kuɗi, aka ce ya faɗi kwamfutoci nawa ne ke riƙe da bayanan mutanen da suka amince masa, a wace ƙasa suke, wa ke kula da kowace ɗaya, zai iya ba da amsa kafin la'asar? Wanda ba zai iya ba, bai kamata a ba shi izinin karɓar sunan ko mutum ɗaya a kan waɗanda ya riga ya tara ba.

Kwamfutar haya da yadda take ɓacewa

Abin da masu fasaha ke wa laƙabi da “gajimare” ba a sama yake ba. Manyan gine-gine ne cike da injuna, mallakar kamfanoni irin su Amazon da Microsoft da Google, da OVHcloud na Faransa. A nahiyar Afirka, Microsoft ya buɗe nasa a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ya biyo baya a birnin Cape Town a 2020, Google kuma a Johannesburg a 2024. Kowane inji a waɗannan gine-gine manhaja ce ke yanka shi gida-gida, kowane yanki ya riƙa aiki tamkar kwamfuta mai zaman kanta, da nata adireshi da nata makulli. Ita ce kwamfutar haya. Tsarin ya yi kama da na shagunan kasuwar Dole ta Damagaram. Mai kasuwa ke da gini da wuta da masu gadin babbar ƙofa, amma kwaɗon shago da kayan da ke ciki suna wuyan ɗan haya. Kamfanonin da kansu haka suke rubutawa a sharuɗɗansu.

Sauƙin samun irin wannan kwamfuta shi ne amfaninta, kuma shi ne haɗarinta. Injin da ake gani a ofis sai an rubuta takardar saye, an biya kwastan, an liƙa masa lamba. Kwamfutar haya kuwa, matashi mai katin banki zai kunna ta cikin 'yan mintoci, ƙaramarta kuɗinta bai kai jika goma a wata ba. Injiniya ya buɗe guda ɗaya don gwada sabuwar manhaja, ya kwafo bayanan gaske ya zuba ciki don gwajin ya yi armashi. Gwaji ya ƙare, aka sauya masa aiki ko kwantiraginsa ta cika. Kwamfutar na nan a kunne, kuɗinta na fita cikin babban lissafin wata ba wanda ya lura, manhajar cikinta na tsufa ba mai sabuntawa. Ta zama marainiya.

Masu kutse ba sa buƙatar sanin sunan Mirriya kafin su same ta. Suna da manhajojin da ke ƙwanƙwasa duk adireshin da ke intanet dare da rana, suna neman ƙofar da aka bari a buɗe. Akwai ma shafi mai suna Shodan da ke jera na'urorin da ke haɗe da intanet da irin manhajar da ke cikinsu, kowa na iya shiga ya duba. Sau da yawa ɓarawo ya fi mai gida sanin yawan ƙofofin gidan.

Abin da ya faru da waɗanda suka fi ƙarfi

Kamfanin Equifax na Amurka, mai ajiye tarihin basussukan mutane, shi ne misalin da ake koyarwa a makarantu. A watan Maris na 2017 aka sanar da wata ɓaraka a manhajar Apache Struts, tare da maganinta. Saƙo ya zagaya cikin kamfanin cewa a toshe. An yi bincike ba a ga komai ba, domin kamfanin ba shi da cikakken kundin da ke nuna wace na'ura ce ke ɗauke da wace manhaja. Masu kutse suka shiga a watan Mayu, suka shafe kwana 76 suna ɗiba kafin a farga. Bayanan mutum kusan miliyan 147 suka fita, kuma binciken majalisar dokokin Amurka ya ambaci rashin wannan kundi cikin dalilan da suka jawo. A 2019 kamfanin ya amince da biyan abin da ya kai dalar Amurka miliyan 700.

A watan Mayun 2023 kamfanin Toyota ya fito ya nemi afuwa, bayan ya gano cewa bayanan masu motoci miliyan 2.15 a Japan, har da wuraren da motocin ke zuwa, sun zauna a buɗe a rumbunsa na haya kusan shekara goma saboda kuskuren saiti. Shekara goma ba wanda ya leƙa.

Wanda ya fi kusa da rayuwar mutanen Damagaram shi ne na ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya. A watan Janairun 2022 ta sanar cewa an kutsa cikin kwamfutocin shirinta na sada iyalan da suka rabu, an kai ga bayanan mutum fiye da 515,000, waɗanda suka haɗa da 'yan gudun hijira da waɗanda suka ɓace da fursunoni da danginsu. An shiga ne tun watan Nuwamban 2021 ta wata ɓaraka da aka riga aka san da ita amma ba a toshe a kan lokaci ba. Duk wanda ke da ɗan'uwa da ya bi hanyar Agadas aka daina jin ɗuriyarsa ya san nauyin irin wannan takarda idan ta faɗa hannun mugu.

Ba za a ce kuma ɓarayin ba su san hanyar nan ba. A watan Nuwamban 2022 kamfanin Group-IB tare da sashen tsaro na Orange suka fitar da rahoto kan wata ƙungiyar masu kutse mai magana da Faransanci da suka sa wa suna OPERA1ER, wadda ta kai hari sama da 30 kan bankuna da kamfanonin sadarwa tsakanin 2018 da 2022, ta kwashe aƙalla dalar Amurka miliyan 11. Nijar na cikin ƙasashen da rahoton ya lissafa. A 2023 aka kama wani da ake zargi babba ne a ƙungiyar a ƙasar Kodebuwa, tare da taimakon 'yan sandan duniya na Interpol. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Dalilin da ya sa lamarin ya fi gaggawa a Nijar

Akwai wani abu da ya keɓanta da wannan ƙasa. Kaso mai yawa na tsare-tsaren kwamfuta da ke riƙe da sunayen talakawa an gina su ne da kuɗin ayyukan masu ba da tallafi, ayyukan da ke da ranar farawa da ranar rufewa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Faransa da Tarayyar Turai sun dakatar da tallafi, Bankin Duniya ya tsayar da fitar da kuɗi na wani lokaci. A 2025 Amurka ta rushe yawancin ayyukan hukumarta ta USAID, a shekarar ne kuma aka rufe ofisoshin Red Cross ta duniya a Nijar. Idan aiki ya tsaya ba shiri, ana ƙirga motoci da babura da kujeru, a sa hannu a miƙa. Kwamfutar haya ba ta da jikin da za a gani a tsakar ofis, don haka ita ce mafi sauƙin mantawa. Ya dace hukumomi su bi kowane aikin da ya rufe da tambaya uku: ina bayanan mutanen da kuka rubuta, wa ke riƙe da makullinsu yanzu, an goge su ko an miƙa?

Gwamnati na da amsar da take alfahari da ita, wato dawo da bayanai gida. Aikin shimfiɗa wayar intanet mai ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya tallafa, ya ƙunshi fiye da kilomita 1,000 a cikin Nijar, har da reshen da ya tashi daga Damagaram ya bi Magarya zuwa iyakar Najeriya, da kuma babbar cibiyar ajiye bayanai ta ƙasa a Yamai. Wannan ci gaba ne, kuma ya kamata a yaba. Sai dai cibiyar Yamai ita ma kwamfutocin haya za ta riƙa yankawa tana raba wa ma'aikatu. Wadda aka manta da ita a Yamai da wadda aka manta da ita a Faransa duk ƙofa ɗaya ɓarawo ke bi. Wanda ma bai san abin da yake da shi a waje ba, me zai kwaso ya kawo gida? A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen OVHcloud a birnin Strasbourg, 'yan haya da yawa sai a ranar suka gane ba su da kwafin bayanansu a wani wuri.

Ta fuskar doka ba a rasa komai ba. Nijar ta yi dokar kare bayanan sirri a watan Mayun 2017, ta sabunta ta a 2022, tana da hukumar HAPDP mai sa ido a kanta. Tana da dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2019, tana da hukumar ANSI mai jagorantar mayar da ayyukan gwamnati cikin kwamfuta, ta kuma amince da yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka da ta fara aiki a 2023. Amma abin da talaka ya fi ji game da dokar intanet shi ne kama masu rubutu a Facebook, musamman tun da aka maido da hukuncin ɗauri a watan Yunin 2024. Da za a ba tsaron rumbunan bayanai rabin himmar da ake ba sa ido kan abin da mutane ke rubutawa, da an yi nisa.

Kundi mai rai, haɗe da mai auna haɗari

Ƙirga ta hannu ba ta wadatar ba. Jerin da aka buga a Excel a watan Janairu ya zama tsohon labari kafin azumi, domin kwamfutocin haya na haihuwa suna mutuwa kullum. Shi ya sa kamfanonin da ke ba da haya suka tanadi wata ƙofa da manhaja ke tambayar manhaja. Ana yanka makulli na musamman mai izinin dubawa kaɗai, ba ya kunnawa ba ya kashewa, a ba manhajar auna haɗari. Ita kuma ta riƙa zagayawa a kai a kai tana ɗauko jerin duk kwamfutar da ke cikin asusun, da ƙasar da take, da irin manhajar da ke cikinta, da ƙofofin da ke buɗe ga duniya.

Amfanin haɗin yana fitowa ne a mataki na biyu. Akwai jerin ɓarakokin manhajoji na duniya da ake kira CVE, wanda aka fara a 1999, kowace ɓaraka da lambarta, ana kuma ba ta maki daga 0 zuwa 10 gwargwadon muninta. Manhajar auna haɗari na gwada wannan jeri da kundin kwamfutocin ma'aikata, ta fito da waɗanda abin ya shafa. Idan an yi wa kowace kwamfuta shaida kamar yadda makiyayi ke wa dabbarsa, wato sunan mai kula da ita da irin bayanan da ke ciki, manhajar za ta iya bambance mai muhimmanci da marar muhimmanci. Kwamfutar da ke riƙe da sunayen marasa lafiya, tana buɗe ga intanet, tana ɗauke da ɓaraka mai maki 9, ita ce aikin safiyar yau. Wadda ke nuna hotunan taron ma'aikata za ta iya jira. Ga ofishin da ke da injiniya ɗaya tak, wannan tsari na wa za a fara da shi ya fi komai daraja.

An ga bambancin a watan Disamban 2021, lokacin da aka gano ɓaraka a wata ƙaramar manhaja mai suna Log4j da ke ɓoye cikin dubban wasu manhajoji. Masu kundi sun san inda za su nufa cikin sa'o'i, marasa shi sun shafe makonni suna lalube. Ba mamaki jerin matakan tsaro na CIS, wanda ake bi a duniya, ya sa ƙirga na'urori a lamba ta ɗaya. A watan Oktoban 2022 hukumar CISA ta Amurka ta wajabta wa ma'aikatun tarayya binciko na'urorinsu ta atomatik duk kwana 7, da duba ɓarakokinsu duk kwana 14.

Masu ƙorafi na da hujjoji biyu da ba za a raina ba. Ta farko kuɗi. Manhajojin kamfanoni irin su Tenable da Qualys da Rapid7 ana biyansu da kuɗin waje kowace shekara, ma'aikatar magajin garin da ke fama da albashi ba za ta kai ba. Amma akwai na kyauta da kowa zai iya saukewa ya girka a injinsa, irin su Wazuh da OpenVAS, da GLPI da aka ƙirƙira a Faransa don ajiye kundin kayan kwamfuta. Abin da suke ci shi ne lokacin ma'aikaci da ya iya, ga kuma matasan da Jami'ar André Salifou ta Damagaram da sauran makarantu ke yayewa suna yawo da takardu.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Manhajar da ta san duk raunin ma'aikata ta zama taswirar da ɓarawo zai fi so ya samu, idan kuma a ƙasar waje take, an miƙa taswirar ga baƙo. Wannan tsoro na da tushe. A 2020 an gano cewa masu kutse sun gurɓata manhajar sa ido ta kamfanin SolarWinds, abokan ciniki kusan 18,000 suka sauke gurɓatacciyar. Darasin shi ne a tsare mai gadin shi ma. Makullinsa ya tsaya a dubawa kaɗai, a riƙa sauya shi, kada a shiga manhajar da kalmar sirri ita kaɗai sai da shaida ta biyu, ta bayanan gwamnati kuma a girka ta a cikin gida. Barin ƙirgar gaba ɗaya ba ya ɓoye wa ɓarawo komai, mai gida kawai yake bari cikin duhu.

Akwai kuma cikas na ɗabi'a. Tun zamanin jangali mutane suka koyi cewa ƙirga na zuwa da biya, sai a kora shanu daji ranar da masu ƙirga za su zo. A ofis ma haka ne. Ma'aikacin da ya buɗe kwamfuta ba da izini ba zai ɓoye ta idan ya san bayyana ta zai ci masa aiki. Shugaban da ke son kundi na gaskiya sai ya ba da wa'adin da kowa zai faɗi abin da ya buɗe ba tare da hukunci ba, daga nan doka ta fara aiki.

Abin da ya kamata a yi

Hukumar HAPDP ta sa kundin kwamfutoci cikin sharuɗɗan ba da izinin tara bayanan mutane, kuma ta riƙa neman a nuna mata shi a kan allo, ba a takardar da aka buga shekaranjiya don zuwanta ba. Hukumar ANSI ta kafa ƙa'idar cewa ba kwamfutar da za a kunna a cibiyar Yamai sai da sunan mai kula da ita da ranar da za a sake duba amfaninta, sannan ta girka manhajar auna haɗari guda ɗaya da ƙananan ma'aikatu da ofisoshin magadan gari za su jingina da ita. Duk yarjejeniyar da za a ƙulla da mai ba da tallafi ko ɗan kwangila ta ƙunshi sashen da ya bayyana makomar bayanai da makullai ranar da aiki ya ƙare. Asusun hayar kuma ya kasance da sunan ma'aikata, ba da adireshin imel na wani ma'aikaci da zai iya tafiya gobe ba.

'Yan ƙasa da ke waje, daga Legas zuwa Tarabulus da Makka da Faransa, suna da murya a wannan magana, domin kuɗinsu ne ke bi ta waɗannan na'urori, sunayen iyayensu ne ke ciki. Dokar ƙasa ta ba kowa damar tambayar wanda ya karɓi bayanansa abin da ya ajiye da abin da yake yi da shi. Idan masu tambaya suka yi yawa, kamfanoni za su koyi shirya amsa. Waɗanda ke aikin tsaron kwamfuta a ƙasashen waje kuma na iya ba da 'yan sa'o'i su koyar da na gida yadda ake wannan haɗi.

Ranar Lahadi a kasuwar Mirriya, ba dillalin da zai tashi daga kara da yamma bai san dabba nawa aka damƙa masa da safe ba, nawa aka sayar, nawa suka rage, domin ya san masu su za su zo su tambaya. Matar da ta faɗi sunanta a wurin awo ita ma amana ta bayar, ko da ba ta san inda za ta je ta tambaya ba. Hakkinta ne a san inda sunan nata ya kwana.